Mijina Ya Tara Matattun Injinan Ɗumame a Gareji

Darlene, don Allah ki taimake ni, kuma in da hali ki amsa mini kafin Asabar ta sama, domin ranar ce mijina ya ce zai buɗe cikin maikurowef ɗinmu, ni kuwa tun da ya faɗi haka abinci ya daina yi mini daɗi. Na san mutane na rubuto miki manyan matsaloli, wannan aurenta ya mutu, wancan ɗansa ya bar gida, ni kuma ga ni tafe da maganar ƙofar injin ɗumame. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Bari in kira shi Verlyn, ko da yake duk wanda ke shan kofi a teburin tsofaffi na gidan man bakin hanya zai gane shi tun daga layi na biyu. Mun haura shekara arba'in da aure. Ya yi aikinsa a masana'antar sukari yana gyaran injuna har ya yi ritaya, kuma tun ranar da muka tare a gidan nan ƙafar mai gyara ba ta taɓa taka ƙofarmu ba. Famfo, tukunyar ɗumama gida, injin wanki, rufi, har takalmina in ya ɓalle, duk Verlyn ne. Kin dai san mazan garin nan. Da a ga motar mai gyara a ƙofar gidan mutum, gara a gan shi a bayan motar 'yan sanda. Amininsa Merle, wanda ke tsallaken titinmu, ya taɓa kiran mai gyaran famfo shekarun baya, har gobe in sun haɗu sai Verlyn ya cire hula ya ce masa, "Ranka ya daɗe mai ma'aikata, yau wa ka ɗauka ya ɗaure maka igiyar takalmi?" Merle kuwa Allah-Allah yake ranar ramuwa ta zo.

Injin namu irin na saman murhu ne, wanda ake kafewa a bango, kuma shi ya kafa shi da hannunsa. Wajen Kirsimeti ƙofar ta fara gardama. Sai ki rufe ki danna, shiru, sai kin ɗan ɗaga ta kin tura sannan ya tashi. Verlyn kuwa ba ya rufe ƙofa, buga ta yake yi, ta mota ce ko ta firji, kamar ta zage shi. Ran nan ya buga sai muka ji ƙas, wani abu ya faɗa cikin ƙofar yana ƙaras-ƙaras. Tun daga nan ƙugiyoyin roba biyu da ke kama ƙofar suka saki jiki suna lilo, ƙofar ta daina kamawa. Ya ɓare murfin cikin ƙofar ya leƙa, ya ce ɗan sifirin da ke jan ƙugiyoyin ne ya ɓalle, har da ɗan kunnen robar da yake maƙale a jiki. Ya ce aikin shan ruwa ne. Wannan magana tun ana ƙanƙara aka yi ta, ga shi yanzu har manoma sun gama shuka.

Kafin ya gyara, dabarar da ya yi mini ita ce tsohuwar sandar wasan hoki ta jikanmu. Ya tokare ƙofar da ita, ɗaya bakin a jikin kabad ɗin da ke fuskantar murhu. Wani sa'in injin ya tashi, wani sa'in ya ƙi, ni kuma in zan wuce wurin wanke-wanke sai na sunkuya ta ƙarƙashin sanda da wannan bayan nawa. Matan ƙungiyarmu ta coci sun zo ɗinkin bargo suka gani, ba wadda ta ce komai sai, "Kai, dabara!" Ke ma kin san a garin nan wannan ba yabo ba ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Merle. Ya shigo ya ga sandar da idonsa, ya sunkuya ya wuce, har yau bai tanka ba.

Na ce masa, "Tsoho, a sayo sabuwar ƙugiya mana." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Mama, makon fitar da tarkace saura ƙiris, a ce in sayi abin da mutane za su zubar a bakin titi?" Makon nan shi ne bikinsa na shekara. Da zarar kowa ya fitar da tsofaffin kayansa, shi da Merle za su cika fulas da kofi su shiga a-kori-kura, su bi unguwa-unguwa a hankali kamar masu rakiyar gawa. Bana maikurowef biyar ya kwaso. Biyar, Darlene! Kuma babu ko ɗaya da ya yi kama da namu. Motata ta koma kwana a waje. Ya ciro ƙugiyoyinsu, wannan ta yi tsawo, wannan ta yi gajarta, ya zauna yana ta goga su da magagari. Uku daga ciki ya riga ya kwance musu murfin ƙarfen waje, cikinsu a buɗe, wayoyi ko'ina. Wannan fa mutum ne da likitoci suka dasa wa batirin zuciya a ƙirji.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Makon jiya na kai masa kofi gareji, na same shi ya sami wata ƙugiya da ta kusa dacewa, yana ƙoƙarin maƙala mata sifirin da filaya mai dogon baki. Hannunsa na dama rawa yake yi. Ya kai ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure, ya sa hannun hagu ya dafe na daman, sifirin ya yi tsalle ya ɓace ƙarƙashin benci. Na tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Da ya waiwayo ya gan ni sai ya cusa hannun a aljihu ya ce, "Garejin nan da sanyi." Ni kuwa gumi nake yi. Na ce, "Ai kuwa, da sanyi." Na ajiye masa kofinsa na fito, na shiga bayi na kulle na sha kukana.

Ba ranar na fara gani ba. Na gani a coci, ran da ɗan kofin jibin Ubangiji ya kusa zubewa a rigarsa. Na ga ya daina cin miya in mun fita, mutumin da a da sai ya ƙara kwano. Na ga rigunansa masu maɓalli sun koma can ƙarshen kabad. Ni ban ce ba, shi bai ce ba, haka muke ta zama muna maganar ruwan sama.

Washegarin ranar garejin muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Mama, na gano bakin zaren. Sifirin nan ba dole ba ne. Akwai 'yan makunnai a cikin injin da ke jin ko ƙofa ta rufu. In na haɗe wayoyinsu ba ruwansa da ƙofa kuma, sai in sa mata 'yar sakata ta waje." Yana faɗa yana murmushi, irin murmushin da na kwana biyu ban gani ba. Na ce, "Babu haɗari?" Ya ce, "Haba Mama! Ni da na ƙare rayuwata cikin injuna masu girman gidan nan, ɗan akwatin ɗumame ne zai ba ni tsoro?"

Na kira 'yarmu Janelle, nas ce a garin Bismarck. Ban gaya mata maganar hannun ba, ta wayoyin kawai na faɗa. Ta ɗaga murya har sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce, "Mama, kashe kansa zai yi! Ku bari ya tafi kamun kifi, in turo a cire tsohon a kafa sabo, a kwashe tarkacen garejin kaf. Ya yi fushinsa ya gama." Yarinyar kirki ce, kuma tana son ubanta. Amma ba ta nan lokacin da ta ɗauki mai kwashe mana ƙanƙara bayan an yi wa ubanta aikin zuciya. Ya yi mata godiya a waya da fara'a, sannan ya ja kujera bakin taga ya zauna yana kallon wani na share masa ƙofar gida. Wallahi a yini ɗaya na ga mijina ya tsufa a gaban idona.

Na gwada ta wata hanyar. Na ce ni fa ba na bukatar injin, ina da tukwanena, da can da me muke ɗumame? Sai ya ce, "To jakar masararki fa?" Ina fama da ciwon kafaɗa, akwai 'yar jakar ƙyalle cike da ƙwayar masara da ake ɗumamawa a injin a ɗora a wurin. Kowace safiya shi ke ɗumama mini ita ya kawo har gado, yana tafe yana mita wai na cika son jiki. Verlyn bai iya daɗin baki ba, furen da ya taɓa ba ni ma na roba ne, a bakin titi ya tsinto shi. Jakar nan ita ce duk abin da ya iya faɗa mini.

Ina son tsohon nan, Darlene, da taurin kansa da tarkacensa duka. In na bar shi ya buɗe injin, tsoro nake in shigo kicin in same shi a ƙasa. In na bi shawarar Janelle, tsoro nake ya dawo daga kamun kifi ya ga mun yanke masa hukunci a bayan idonsa, ya koma kujerar bakin taga ya ƙi tashi. Shin ƙofar nan na gyaruwa kuwa? Haɗa wayoyin nan da gaske haɗari ne, ko tsorona ne kawai? Ki gaya mini yadda zan yi.

Mai Sunkuyawa Ƙarƙashin Sanda, daga wani gari kusa da Fargo

'Yar'uwata Mai Sunkuyawa,

Sannu da haƙuri, kuma kin kyauta da ba ki jira Asabar ta wuce ba. Bari in fara da abin da ba ya jira. Yau ɗin nan ki buɗe kabad ɗin da ke saman injin ki zare filoginsa, ki ɗauke sandar hoki ki mayar wa jikanki. Ƙofar da sai an tokare ta ba a kunna inji da ita, ko na ɗan lokaci.

Tsoronki na gaskiya ne. Na yi shekaru a bayan kanta a shagon kayan gyara na yayana, kuma irin Verlyn ɗinki sun sha tsayawa a gabana suna mini wannan murmushin. Makunnan da yake son haɗewa yawanci uku ne. Biyu suna tabbatar da ƙofa ta rufu kafin wuta ta tashi, na ukun kuma mai gadi ne a kansu, in ya ga an yi masa wayo sai ya ƙona fis. In an yi sa'a, nan abin zai tsaya. In ba a yi ba, injin zai iya tashi ƙofa a buɗe, zafin da ke dafa nama ya fito kan wanda ke tsaye, kuma naku daidai fuska aka kafa shi. Wannan ma bai kai na biyun ba. A cikin kowane maikurowef akwai wani ɗan gwangwani da ke tara wuta, ko an zare filogi yana iya riƙe wadda za ta kayar da ƙato mai lafiyayyar zuciya, balle mai batir a ƙirji. A masana'anta Verlyn ya saba in ya kashe wuta ya sa kwaɗo, inji ya mutu ke nan. Wannan ba a yarda da shi haka, kuma ƙwararru irinsa ya fi kamawa, domin su ne ba sa tsoro. Injinan garejin ma haka suke. Kada kowa ya ƙara sa hannu a cikinsu, a kai su inda gari ke karɓar irin waɗannan kaya.

Amma a ba mutumin nan gaskiyarsa. Ya gano ciwon daidai: sifirin ne da kunnen ƙugiya, kuma wannan gyara a jikin ƙofa yake, ba sai an kusanci cikin injin ba. Inda ya ɓata shi ne bakin titi. Kowane inji da ƙugiyarsa, kuma wadda aka goga da magagari ko ta shiga ba za ta danna makunnan a jere yadda ya kamata ba. Ku buɗe ƙofar, a jikin bakin injin akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da lambarsa. Da lambar nan ake neman ƙugiyar, galibi tare da sifirinta take zuwa, kuɗinta bai kai na kofinsa na mako ba. Kafin ku sa, ki goge ramukan da ƙugiyoyin ke shiga, domin injin saman murhu maiƙo yake sha. Ku duba ko ƙofar ta zauna daidai a kan hinjinta. In kun ga ta lanƙwashe, ko gilashin ya tsage, ko ragar cikinsa ta yi tsatsa, to injin ya gama aikinsa, a sayi wani, kuma Verlyn ne zai zaɓa.

In kun sa sabuwar ƙugiya ya ci gaba da yin shiru, ko ya ƙona fis, to ɗaya daga cikin makunnan ne ya gaji da bugu, kuma wannan ba aikin gida ba ne. Ba sai motar kowa ta tsaya a ƙofarku ba. A sauko da shi a sa a a-kori-kurarsa ya kai shago da kansa, amma sauke shi aikin mutum biyu ne masu ƙarfi, shi ya tsaya yana ba da umarni. Kada kuma ki ji tsoron Merle. Mutum ya yi shekaru yana jiran ramuwa, ya ga sanda a kicin ɗinku ya haɗiye? Shi ne ke zaune gaban mijinki kullum yana kallon yadda yake ɗaga kofi. Ina jin ya riga ki gani, kuma shirun nan nasa na amini ne.

Janelle ta yi daidai a kan haɗarin, amma hanyarta ba za ta ɓulle ba. Ki gaya mata ta dakata. Sabon inji zai ɗumama abinci, sai dai mijinki zai fahimci cewa matarsa da 'yarsa sun zauna sun gama magana a kansa ba shi a wurin, kuma ya riga ya ɗanɗana wannan sau ɗaya. Maganar hannun kuwa, ya fi kyau ta ji daga bakin ubanta.

Saura ke. "Ai kuwa, da sanyi"! Haba 'yar'uwa. Ba na ganin laifinki, duk haka aka raine mu a ƙasar nan, gara mu kai wa mutum tukunyar abinci har gida da mu tambaye shi abin da ke damunsa. Amma ki duba: sifirin ne ya gagare shi, shi ya sa ya koma wa wayoyi, domin su hannu mai rawa zai iya murɗe su. Yana ɓoyewa don kada ya ɗaga miki hankali, kina ɓoyewa don kada ki kunyata shi, sai ya zama shi kaɗai yake ɗauke da abin a gareji. Mutumin da ke kawo miki jakar masara har gado kowace safiya ya cancanci a gaya masa gaskiya.

Ki yi masa magana kafin Asabar, ku biyu kawai, ba kwana-kwana. Ki ce kin ga hannun tuntuni, kina jin tsoro, kuma ba ki yarda ya buɗe injin nan ba. Sannan ki ce masa ya tsaya a kanki ya nuna miki, ke ki maƙala sifirin. Wannan ba lallashi ba ne. Shi ya san aikin, ke kuma yatsun da ke zura zare a allurar ɗinkin bargo ba za su kasa ɗan sifirin ba. Zai yi ta faɗa cewa ba haka ake riƙe filaya ba. Ki bar shi ya yi, ki ma ɗan yi kuskure in ya zo.

Daga nan sai likita. Ni ba likita ba ce, amma na san rawar hannu iri-iri ce, wata ma daga maganin da mutum ke sha take zuwa, kuma da yawa ana samun sauƙinsu in an je da wuri. Ku gaya wa likitan zuciyarsa shi ma.

Kada ki sa ran zai gode miki nan take. Mai yiwuwa ya ɗauki hularsa ya fita. Kada ki bi shi, kuma kada ki janye maganarki in ya dawo yana zancen wani abu dabam. Ki sake faɗa washegari, da murya ɗaya, har ya amsa. Ranar da za ku asibiti kuwa, in dai ba a hana shi ba, kada ki miƙa hannu ki karɓi makullin mota. Ki zagaya ki shiga gefensa, ki bar shi ya kai ki.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar buɗe baki, ya bar ku tare.

Darlene